Yadda Ake Koyar da Lissafi da Faifai, Igiya da Mudu a Makarantun Bauchi da Gombe

Sau da yawa idan aka ce a shigo da al'ada cikin darasi, sai a sa yara su zo da ƙwarya da faifai da tabarma, a jera a kan tebur, a ɗauki hoto, a watse. An yi ranar al'ada ke nan, lissafi kuwa ko ƙyallinsa ba a gani ba. Faifai ba zai koya wa yaro komai ba sai an ɗora masa tambayar da ba ta amsuwa sai an auna, an ƙirga, an yi kuskure an sake. Saboda haka malami zai fara da buɗe manhaja, ya ga darasin da ke gabansa a wannan zango, sannan ya nemi abin da ke gidajen yara wanda wannan darasi yake ɓoye a cikinsa. In kewayen da'ira ne, ga faifai. In kashi cikin ɗari ne, ga farashin hatsi. In lambobin da ke raba wata lamba ba saura ne, ga zanen hula.

Shiri kafin a fara

Aiki ɗaya yana cin mako 3 (ban da tattara farashi a aikin mudu), darasi biyu a kowane mako, sauran darussa su tafi yadda aka saba. Kada a wuce aiki biyu a zango, in ba haka ba manhaja za ta tsaya. Kowane aiki yana bin matakai huɗu: yara su kintata amsa su rubuta, su auna, su fitar da ƙa'ida daga abin da suka auna, sannan su ƙirƙiro nasu. Matakin kintace shi malamai suka fi tsallakewa, alhali shi ke sa yaro ya damu da amsar. Wanda ya rubuta "biyu" da hannunsa, awo ya nuna masa "huɗu", ba zai manta ba.

Ajin yara 60 a raba shi rukuni 10, kowanne mutum 6: biyu su auna, ɗaya ya rubuta, ɗaya ya yi lissafi, ɗaya ya sake binsa, ɗaya ya yi wa aji bayani. A juya ayyukan kowane mako. In aka bar su da kansu, za a tarar 'yan mata sun ƙare a rubutu kawai, yaro ɗaya mai baki ya riƙe tef har a gama.

Kowane rukuni na bukatar tef ɗin tela mai santimita 150, rula, zaren buhu, kwali da littafin lissafi mai gida-gida. Tef ɗin tela fuska biyu gare shi, inci da santimita, kuma galibin amsoshin da za su zo a karkace daga nan suke. A sa alamar jan biro a fuskar santimita tun ranar farko. Kayan gargajiya kuma aro za a yi, kada a ce kowane yaro sai ya saya. A sanar da shugaban makaranta da ƙungiyar iyaye da malamai tun da wuri, don kada uba ya ga ɗansa da laka a riga ya ɗauka wasa aka yini ana yi.

Faifai: kewaye da girman da'ira

Wannan ya dace da aji 6 na firamare da aji 1 na ƙaramar sakandare. Kowane rukuni ya samu abu 5 masu zagaye: ƙaramin faifai, babban faifai, ƙwarya, murfin tukunya da tsohuwar tayar keke. A naɗa zare a bakin kowanne sau ɗaya, a danne inda ya haɗu, a miƙe shi a kan tef, a rubuta. Wannan shi ne kewaye. Sai a auna faɗin abin ta tsakiyarsa. A raba kewaye da faɗi, a rubuta a layi na uku na jadawali. Faifai mai faɗin santimita 30 zai ba da kewaye kusan 94.

Kada malami ya ambaci 22 bisa 7, wato amsar da littafi ke bayarwa in an raba kewaye da faɗi, tukuna. A bari rukuni 10 su rubuta amsoshinsu 50 a allo. Za a ga yawancinsu sun taru tsakanin 3.0 da 3.3, babba da ƙarami duk ɗaya. A tambayi aji abin da suka lura da shi, a yi shiru a jira. Sai sun faɗa da bakinsu cewa kewaye ya ɗara faɗi sau uku da 'yan kai, sannan a ba su 3.14.

Amsar da ta fita daga wannan tsakani tana da dalili, kuma neman dalilin darasi ne. In ta yi ƙasa da 3, yawanci zaren ulu ko mai roba aka ja ya miƙe a jikin faifan, ya koma da aka sake shi. In ta haura 3.4, ba ta tsakiya aka auna faɗin ba, an ratsa ta gefe. Wani lokaci kuma faifan ne bai zagaye daidai ba, tunda aikin hannu ne. Maganinsa a auna faɗin a wuri uku, a tara, a raba gida uku.

Mako na biyu a kawo tambayar da ke kayar da manya ma: faifai mai faɗin santimita 20 da mai faɗin 40, kabar da babban zai ci ta ninka ta ƙaramin sau nawa? Kusan kowa zai ce sau biyu. A rubuta. Sai a zana da'irorin biyu a kwali, a shimfiɗa wake layi ɗaya ba tare da wani ya hau wani ba har ƙaramar ta cika, a kwashe a zuba a gwangwani a sa alama. Babbar za ta ci wannan awo kusan sau 4. Lissafi ma haka ya ce: murabba'in santimita 314 da 1,256.

Akwai hanya ta biyu da ta fi kusa da hannun mai saƙa. In kaurin kowane zagaye santimita 1 ne, kowane sabon zagaye yana ɗara na cikinsa da kusan santimita 6.3. Ƙaramin faifai zagaye 10 ne, jimillar tsawonsu kusan santimita 345. Babban zagaye 20 ne, kusan 1,319. A gayyato mai saƙar faifai daga unguwa, yara su shirya tambayoyinsu tun a gida: "Inna, zagayen farko da na ƙarshe wanne ya fi ɗaukar lokaci? Yaya kuke sa kuɗin babba da ƙarami?" Daga nan aikin ƙirƙira ya fito. Kowane rukuni ya tsara jadawalin farashi na faifai girma huɗu, ya kare shi da lissafin kaba da lokaci, ya kuma faɗi ko mai saye zai yarda ya biya ninki huɗu. Ba amsa ɗaya ba ce, kuma haka ake so. A sallami baƙuwar da ɗan abin goro, ta bar sana'arta ne ta zo.

Igiya mai mita 12

In makaranta abu ɗaya za ta iya saye, ta sayi igiya. A yanko mita 12 da ɗan ƙari na ɗaurin baki, a haɗa bakin biyu, a sa alama a kowace mita da tsumma ko fenti. Kada a yi ƙulli a matsayin alama, kowane ƙulli yana cin igiya, kafin a kai na 12 awon ya lalace.

A fita fili. Yara uku su riƙe igiyar a alamomin da za su ba da gefe mai mita 3, mai 4 da mai 5, su ja ta miƙe sosai. Kusurwar da ke tsakanin 3 da 4 za ta tsaya cak a digiri 90. A gwada da bulo ko kusurwar littafi. Da irin wannan awo magina ke daidaita kusurwar harsashin ɗaki, kuma 'yan ƙaramar sakandare za su ga 3 sau 3 da 4 sau 4, wato 9 da 16, sun ba da 5 sau 5, wato 25, a ƙasa kafin su gani a allo.

Sai babbar tambaya: da wannan igiya a matsayin bango, wane fasalin ɗaki ne zai fi fili a ciki? A shata kowane fasali da toka. Alwatikar nan ta 3, 4, 5 tana ba da murabba'in mita 6. Ɗaki mai tsawon 5 da faɗin 1 yana ba da 5, mai 4 da 2 yana ba da 8, mai 3 da 3 yana ba da 9. Da'ira kuwa tana kai kusan 11 da rabi. Don shata ta, a kafa turke, a ɗaura zare mai mita 1 da santimita 91, a zagaya da tsinke, sannan a ɗora igiyar a kan layin a ga ta zauna daidai.

Wasu malamai kan auna filin da yawan yaran da suka tsaya a ciki. Yana da daɗi amma ba ya ba da amsa, domin yara za su matsu a fasalin da suke so ya ci. A yanka kwali mai santimita 50 kowane gefe, huɗu su ne murabba'in mita ɗaya. Ɗakin 3 da 3 zai ci 36, da'ira kusan 46 in an haɗa da gutsattsarin baki.

Yanzu yara sun gane abin da mai gina kago da rumbu ya ci riba da shi: bango ɗaya, fili mafi yawa. A juya musu tambayar: to me ya sa ɗakuna masu kusurwa huɗu suka mamaye gari? Za su kawo gado, kwanon rufi, bulo, jingina ɗaki da ɗaki. Wannan muhawara ta fi a ce musu na da ya fi na yanzu ko na yanzu ya fi na da. Makarantun da ke kusa da Kafin Madaki a ƙaramar hukumar Ganjuwa suna da gata, domin ginin Babban Gwani Muhammadu Durugu, wanda ya gina masallacin Juma'a na Zariya, yana nan, yara su je su ga bakan gizo, wato lanƙwasasshen ginin da ke riƙe rufi, da azara da idonsu, su auna abin da aka ba su izini.

Aikin ƙirƙira shi ne samfurin gida da laka, mita 1 a matsayin santimita 5. Sharaɗi: jimillar bango kada ta wuce mita 30, a samu ɗaki biyu da wurin ajiyar hatsi. Kagon da aka shata a fili zai zama mai faɗin santimita 19 a samfuri. A zana a takarda tukuna, malami ya duba lissafin, kafin a taɓa laka. Samfuri yana tsagewa ne saboda abu uku: ba a cuɗa lakar da yankakkiyar ciyawa ko ƙaiƙayi ba, an shanya a rana, ko an ɗora bangon gaba ɗaya rana guda. A yi kaurin bango santimita 2, a ɗora shi hawa uku cikin kwana uku, ya sha iska a inuwa. Lokacin hunturu a rufa masa ɗanyen tsumma da dare.

Mudu da farashi

A aro mudu uku daga gidaje daban-daban da sikeli ɗaya. A ƙirga gwangwanin madara nawa ke cika kowanne, da bakin a shafe, sannan da an cika ya yi tozo. Ba lallai su zo ɗaya ba, kuma wannan ne zai buɗe zancen dalilin da ya sa ake bukatar kilo da lita. A auna mudun masara, gero, wake da gari a sikeli. Mudu ɗaya, nauyi daban. Nan yaro ke rarrabe abin da kwano ya ci da nauyin abin, wanda da yawa ke haɗawa har su gama sakandare.

Kowane rukuni ya ɗauki hatsi ɗaya, ya riƙa kawo farashin mudunsa duk mako har mako 6, daga wurin mai awo ɗaya, rana ɗaya. A Bauchi ana iya samu ta hannun iyayen da ke zuwa Muda Lawal ko Wunti, a Gombe ta Tudun Hatsi. Kada a tura yara kasuwa su kaɗai. In aka canza mai awo a tsakiya, jadawalin zai nuna bambancin mudu da gyara, a ɗauka farashi ne ya motsa. A zana sanduna, a lissafa hawa da sauka cikin ɗari. Ga tarkon da ya kamata a ɗana musu: a ce mudu ya tashi daga naira 800 zuwa 1,000, ƙarin kashi 25 ne cikin ɗari. In ya dawo 800, ragin kashi 20 ne. Yawancinsu za su ce 25, sai an nuna musu cewa tushen da ake rabawa da shi ya canza.

Zakkar amfanin gona tana shiga nan ba wahala: ɗaya bisa goma ga noman damina, ɗaya bisa ashirin ga wanda aka shayar da wahala da kuɗi. Buhu 60 na damina zai fitar da 6, na noman rani da injin ban ruwa zai fitar da 3. Zakkar fidda kai mudun Annabi 4 ce ga kowane mutum, gida mai mutum 9 zai fitar da 36. Malamin lissafi ya tsaya kan lissafi, hukunci ya bar wa malamin addini. A ajin da ke da Musulmi da Kirista, kamar yadda ake samu a Dass, Tafawa Ɓalewa, Billiri da Kaltungo, a haɗa da ushirin da ake bayarwa a coci, shi ma ɗaya bisa goma ne, kowa ya ga nasa.

Zanen hula

Wannan shi ya fi fito da basira, kuma bai cin komai sai takarda da fensir mai launi. A haɗa takarda mai gida-gida ta zama ɗamara mai gida 56 a tsawo, 12 a faɗi. Kowane yaro ya ƙirƙiro zane ɗaya da zai maimaitu ya zagaye hular. Sharuɗɗa uku ne: launi kada ya wuce uku, in an naɗe zanen biyu gefensa su hau juna, kuma inda bakin ɗamarar ya haɗu kada a ga yankakken zane.

Sharaɗi na ukun shi ne lissafin. Mai zanen da ya ci gida 6 zai maimaita sau 9, gida 2 su yi saura. Mai gida 9 ma haka. Wanda ya ɗauki 4, 7, 8 ko 14 zai rufe lafiya. Kada a gaya musu tun farko. A bari su liƙa bakin su ga aibin, sannan a tambaye su waɗanne faɗi ne za su yi aiki. Sun gano lambobin da ke raba 56 ke nan. Ga masu saurin ganewa a ba su ɗamara mai gida 60 da layin zane biyu, na sama mai gida 4, na ƙasa mai gida 6, su nemo inda farkonsu ke haɗuwa. Duk gida 12 ne, sau 5 a zagaye.

Abin da ke kashe wannan aiki shi ne malami ya zana misali a allo. Washegari zai karɓi hula 60 iri ɗaya. A kawo huluna na gaske huɗu ko biyar masu zane daban, a zagaya da su, a ɗauke kafin a fara zane. Kowa ya raɗa wa tasa suna, kamar yadda hulunan kasuwa ke da nasu.

Dara

Gurbi 30 ne, layi 5 mai gurbi 6, kowane ɗan wasa da 'ya'ya 12, wani da duwatsu wani da karare. A daidaita dokoki kafin a fara, don sukan ɗan bambanta daga gari zuwa gari, kuma ba a sa ko sisi. Bayan an buga sau biyu a tambaya: wurare nawa ne ake iya jera uku? A kwance kowane layi na da 4, sau 5 ya ba da 20. A tsaye kowanne na da 3, sau 6 ya ba da 18. Jimilla 38. Gurbin kusurwa yana cikin jeri 2 kacal, gurbi biyu na tsakiya kowanne yana cikin 6, shi ya sa gwanaye ke rige-rigen tsakiya. Rukuni su ƙara layi ɗaya ya zama 6 sau 6, su lissafa, za su samu 48, su yanke 'ya'ya nawa ya kamata a raba, su buga su gani ko wasan ya yi daɗi ko ya cushe.

Ba da maki

In aka ba da maki kan kyan abin da aka ƙera, yaron da yayansa ya yi masa aikin a gida shi zai zo na ɗaya. Duk aikin hannu a yi shi a makaranta. Maki 20 a raba haka: 5 na awo da jadawali, 6 na lissafi, 5 na sabon abu da ya cika sharuɗɗa, 4 na bayani da baki. Mai bayanin malami ne zai zaɓe shi a take, don rukuni su tabbatar kowa ya gane. Kintacen farko ba a cire masa maki ko ya kauce, amma wanda bai rubuta ba ya rasa maki 1.

Kwana biyu bayan kammalawa a yi gajeren gwaji na mutum ɗaya-ɗaya, tambaya 5 irin na jarrabawa, ba faifai ba igiya. A nan ne ake ba su sunayen abubuwan da Turanci da yadda ake rubuta ƙa'idar, tunda da su za a tambaye su a jarrabawar kammala ƙaramar sakandare. In fiye da rabin aji suka faɗi tambayar da'ira bayan sun yi aikin faifai, to matakin fitar da ƙa'ida aka yi wa gaggawa, sai a koma kan jadawalin awonsu a ƙara darasi ɗaya.

Aikin mudu ya fi armashi a zangon farko, daga Satumba zuwa Disamba, lokacin da sabon hatsi ke shigowa kasuwa farashi yana motsi. Laka da igiya a bar su zuwa zango na biyu da ƙasa ta bushe, a fita fili da safe kafin rana ta yi zafi. Hula da dara a ajiye su don zango na uku, ranakun da ruwan sama zai tsare yara a cikin aji.